Jan Kambas ɗin Injiniya

Ku samarin yanzu, kunnuwanku ado ne kawai. A gaya muku abu sau goma, ku ce kun riga kun gani a waya. Mutum ya shekara talatin yana sana'arsa, ya ce muku ga yadda ake yi, ku taɓe baki ku ce zamaninsa ya wuce. To ku zauna ku ji abin da ya sami Injiniya. In kun ga dama ku ɗauka, in ba ku ga dama ba jikinku zai gaya muku.

Shi wannan Injiniya ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa takawa ba. Wata rana ce fankar mai aski ta tsaya, ya kwance ta, ya mayar, kusoshi uku suka ragu a hannunsa, fanka ta tashi tana juyawa da baya. Tun daga ranar sunan ya bi shi. Mutane da tsiya suke kiransa, shi kuwa da gaske yake amsawa. Shekarunsa ashirin da tara, ba aiki, ba mata, yana zaune a ɗakin ƙofar gidan yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita tela ce, kekenta ba ya hutawa. Mijinta direba ne a wani kamfani mai manyan sito na ajiye kaya.

Allah ya yi wa Injiniya ƙafa. Lamba arba'in da takwas, ga faɗi kamar faranti, ga ta shimfiɗe a ƙasa, babu 'yar lanƙwasar nan da mutane suke da ita a tsakiyar tafin ƙafa. In ya fito wanka ya taka siminti, sawun da zai bari cikakke ne, kamar an ajiye burodi an ɗauke. Wannan halitta ce, ba a zargin mutum da halitta. Laifinsa yana bakinsa. Duk rayuwarsa silifas yake sawa, rabin diddigensa yana sharar ƙasa, amma in ana hirar gudu a bencin ƙofar mai aski sai ya ce da zai sami takalmi daidai shi, ko babur sai ya yi da gaske.

Wata Litinin Direba ya dawo da labari. Kamfaninsu zai ɗauki masu gadi biyar. Ya je har ofis ya tsaya wa ƙanin matarsa, ya ce ya san shi, yaro ne mai hankali. Allah ya yafe masa wannan maganar. Sharaɗi ɗaya ne: ranar Asabar da safe duk masu nema za su zagaye filin bayan sito sau uku da gudu, a gaban shugaban masu gadi, wani tsohon soja da ake kira Saje, kuma da rufaffen takalmi. Mai silifas ko get ba zai wuce ba.

"Sau uku kawai?" in ji Injiniya. "Babban yaya, ka ce masa ya mai da shi goma, kada a ce an yi mini alfarma."

"Ni dai uku nake roƙo," Direba ya ce. "Sunana na ajiye a teburin nan. Kada ka sa in riƙa shiga wurin aiki ta ƙofar baya."

Yaya ta jawo gwangwanin maɓallai, ta tono abin da take tarawa don gyaran kekenta, ta miƙa masa.

"Auta, ungo. Gobe ka je wurin Baba mai takalma na bakin kasuwa. Abin da ya ce ka saya, shi za ka saya. Ban aike ka ka koya masa sana'a ba."

"Haba Yaya, sai ka ce wani yaro."

"Da yaro ne ai da na huta. Yaro yana jin magana."

Talata da yamma ya isa rumfar Baba. Tsoho ne mai sayar da takalman gwanjo, yana kuma gyara, ya rataye su da igiyoyinsu jere-jere a jikin kwano. Ya dubi ƙafafun Injiniya, ya gyara zaman tabarau, ya sake duba.

"Masha Allah. Ɗana, taka nan."

Ya shimfiɗa kwali, ya bi gefen ƙafa da biro ya zana, dama da hagu, domin a cewarsa ɗaya takan ɗara ɗaya. Sannan ya shige ƙuryar rumfa, ya daɗe yana tonon buhu, ya fito da wani kambas ruwan toka, mai faɗin baki, ya ɗan koɗe. Ya kama shi hannu biyu ya murɗa kamar mai matse wanki, takalmi ya ƙi. Ya danna bayan diddigen da babban yatsa, ko motsi bai yi ba.

"Ka gani? Irin ƙafarka in ana gudu faɗawa take ciki, tana son takalmin da zai tallafe ta a tsakiya. Ga kuma wurin yatsu, kowa da ɗakinsa. Gara da ka zo da yamma, ƙafa ta gama kumburinta na yini. Sa duka biyun, da safa, ka taka har wurin mai lemo ka dawo. Kuɗinsa kuma ba zai fi abin da ke aljihunka ba."

Injiniya ya sa. A faɗi gaskiya, tun da uwarsa ta haife shi ƙafarsa ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ya taka, ya ji kamar an ɗora shi a katifa. Har ya fara murmushi. Sai mai lemo ta ɗago kai ta ce, "Samari, kwale-kwale biyu ka sayo? Ina ruwan yake?"

Wasa take yi, haka take wa kowa. Amma maganar ta shige shi har ƙashi. Ya dawo ya tuɓe takalmin kamar ya taka wuta.

"Baba, wannan ai na tsofaffi masu ciwon gwiwa ne. Ni aikin tsaro zan shiga. Ɓarawo ya hango ni da wannan, dariya za ta kashe shi kafin in kama shi."

"To ai ka huta da gudu," in ji Baba. "Ɗana, ƙafarka ba ta san ja da ruwan toka ba. Matsi ta sani."

Ko waiwaye bai yi ba. Ya tsallaka titi ya shiga wani shago mai gilashi da kiɗa. Can ya hango shi: jan kambas mai farin layi, yana ƙyalli, siriri kamar kifi. Mafi girmansa lamba arba'in da biyar. Ya tura ƙafar dama kaɗai, rabinta ya shiga, rabi ya tsaya a waje yana jira.

"Oga, buɗewa yake," in ji mai shagon. "Kwana biyu ka sa shi, ya zama naka."

Ya ma fi na Baba araha. Da canjin da ya rage Injiniya ya sayi baƙin tabarau, wai mai gadi sai da kwarjini.

Bai wuce gida ba, bencin mai aski ya nufa. Mai aski yana kaɗe tawul, mai faci na kusa da shi yana zaune yana hutawa. Injiniya ya buɗe kwali a hankali kamar mai buɗe kayan lefe.

"Kai, ya yi kyau," in ji mai aski. "Na wa ne?"

"Na wa kuwa? Nawa."

"Au. Biyun za ka haɗa wa ƙafa ɗaya, ka koma ka sayo wa ɗayar?"

"Jahilci dai ba kyau. Ba ni hodarka."

Aka barbaɗa wa ƙafa hoda. Aka aro cokali. Mai faci ya kama bayan takalmin yana ja, Injiniya ya dafa bango yana turawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Cokali ya lanƙwashe. Diddige ya ce shi kam ba inda za shi.

"Ka mayar musu tun da sauran rana," mai faci ya ce yana haki.

"Ku matsalarku ba ku san kimiyya ba," in ji Injiniya, yana goge gumi. "Ruwa in ya daskare ƙaruwa yake yi. A cika leda da ruwa, a cusa cikin takalmi, a sa a firiza. Ƙanƙara tana girma, takalmi yana girma. Kwana ɗaya, lamba ɗaya. Kwana uku, arba'in da takwas cif. Asabar da safe ku rufe shagunanku ku zo ku ga gudu."

"Wallahi zan rufe," in ji mai aski. "Ko aljani ne ya zo aski ranar, sai ya jira."

Firiza ɗaya ce a layin, ta Inna mai ƙanƙara, maƙwabciyarsu, mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Mace ce mai tsabta har ta yi yawa, ko kuɗi ba ta karɓa da hannun da take taɓa kayanta. Injiniya ya ɗura ruwa a leda biyu, ya cusa, ya naɗe takalman a baƙar leda, ya yi sallama.

"Inna, wani ɗan saƙo ne ba ya son zafi. A taimaka a ajiye mini zuwa Juma'a."

"Nama ne?"

"Kusan haka."

"Sa shi can ƙasa, kada ya ɗiga mini a kaya."

Ranar Alhamis da tsakar rana, zafi ya kai zafi, mutane sun yi layi a ƙofar Inna. Wata mata mai baƙi ta ce babbar ƙanƙara take so, ta can ƙasa. Inna ta zura hannu ta ja, abu ya ƙi. Ta sa ƙarfi. Ashe ledojin Injiniya sun fashe tun daren farko, ruwa ya malale, baƙar leda ta yage, komai ya haɗu ya daskare wuri ɗaya. Abin da ta ɗago a gaban jama'a dunƙulen ƙanƙara ne kamar bulo, ga jan takalmi biyu a cikinsa suna kallon mutane, igiya ɗaya tana reto.

Sai wani dattijo ya ce, "Inna, ruwan da muka sha jiya, daga nan ne?"

Wata ta tofar da na bakinta. Mai baƙi ta ja mayafi ta yi gaba. Inna ta ɗora dunƙulen a tire, ta kwashi ruwan gindin firiza a bokiti, ta nufi bencin mai aski. Ta dire tiren a gaban Injiniya, ƙasa ta amsa.

"Kai, ɗan gidan tela! Wannan ne naman?"

Duk mai hankali a nan haƙuri zai bayar. Injiniya sai ya sunkuya ya leƙa ƙanƙarar, ya girgiza kai.

"Inna, kin cire shi da wuri. Saura kwana ɗaya fa ya kai."

Ta juye masa bokitin tun daga tsakar ka. Ya saki wata ƙara da ba a san namiji yana da ita ba. Mai aski ya faɗi a kan kujerar aski yana riƙe ciki.

Ko wannan bai ishe shi ba. Ya ɗauki dunƙulensa, yana rawar sanyi, ya kai bayan gidan burodi, ya jingina da bangon murhu don ya narke da sauri. Ya zauna yana yi wa masu ɗaukar burodi bayanin yadda ƙanƙara take aiki. Bayani ya yi tsawo. Sai da ɗaya daga cikinsu ya ce, "Wai roba ce take ƙonewa?" sannan ya zabura. Ƙanƙara ta daɗe da tafiya. Bakin takalman ya lanƙwashe sama kamar suna addu'a, gam ya saki, ɗinkin gefe ya buɗe, shimfiɗar ciki ta nannaɗe kamar busasshen ganye. Ya zare ta ya yar. Ya tura ƙafa. Ta shige duka, ɗan yatsansa ƙarami yana leƙowa ta gefe.

"Kun gani?" ya ce da su. "Arba'in da takwas. Har da kwana ɗaya a ajiye."

Kafin ya isa gida Inna ta riga shi. Yaya ta ba da haƙuri har ta gaji. Da ya shigo ta dubi abin da ke hannunsa, ta daɗe tana kallo.

"Auta, wannan ne Baba ya zaɓa maka?"

"Yaya, ki bari in yi miki bayani. Akwai abin da ake kira..."

"Rufe mini baki. Gobe da safe ni da kai."

Juma'a da safe ta tasa shi gaba har rumfar Baba, kamar mai kai yaro makaranta. Baba ya juya jan kambas ɗin, ya shinshina, ya ajiye shi can nesa da kayansa.

"Wannan ya riga mu gidan gaskiya, 'yata. Ba gyara." Ya miƙa hannu ya sauko da ruwan tokan. "Ungo, ɗana. Aro na ba ka, don darajar yayarka. Ka yi gudunka gobe, ka goge shi, ka dawo mini da abina."

Ka ga mutumin kirki. Yaya ta yi godiya har da ƙwalla, ta wuce cikin kasuwa sayen zare. Injiniya ya kamo hanyar gida, takalmi ɗaya a kowace hammata. Da ya bi ta bayan layi da shi ke nan, an gama. Sai ya bi ta ƙofar mai aski.

"A'a, Injiniya! Me nake gani? Kimiyya ta sha ƙasa, an koma jirgin ruwa?" in ji mai aski.

"Wa? Ni?" Injiniya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan na babban yaya ne, aike na aka yi. Nawa ga shi nan, ɗan taɓi kawai ya rage. Mai faci, ara mini gam da tsohon tub na taya."

Ya cusa takalmin Baba ƙarƙashin gado, ya rufe ƙofa, ya duƙufa. Ya yanka tub ya manne wuraren da suka buɗe, ya shafe ƙasan da gam, ya ɗora ƙafar gado a kai ya danne. Da ya bushe ya sa ya taka. Shiga kam ya shiga, amma cikin fayau yake, ƙafarsa tana faɗawa ciki, tsakiyar tafin tana zafi. Sai ya tuna Baba ya ce irin ƙafarsa tana son abin da zai tallafe ta a tsakiya. Wato maganar dattijon ta shiga kunnensa, rabinta kawai ya ɗauka.

Ya gwada tsumma, ya lotse. Ya gwada guntun katako, ya kusa yin kuka. Ya fito tsakar gida yana dube-dube, idonsa ya sauka a kan sandar sabulun wankin Yaya, sabuwa fil, a kan katangar famfo. Ba tauri kamar katako, ba laushi kamar tsumma. Ya raba ta biyu, ya zauna da reza yana sassaƙawa, ya fitar da ɗan tudu mai kyau a kowane, ya kwantar a cikin takalman. Ya sa safa, ya taka taku goma a ɗaki.

"Allahu akbar," ya ce da kansa. "Ga tallafi, ga ƙamshi. Wannan in kamfanonin takalmi suka ji, sai sun neme ni."

Asabar da asuba aka yi ruwan sama, ya ɗauke kafin gari ya waye. Injiniya ya fito da silifas, jaka a kafaɗa, baƙin tabarau a fuska.

"Na Baba ne a jakar?" in ji Yaya.

"Yaya, addu'a kawai za ki yi mini."

Sai da ya kusa get ya tsaya ya sauya takalmi. Filin bayan sito ya jiƙe sharkaf, ruwa ya kwanta nan da can. Masu neman aiki sun kai ashirin. Leburorin sito sun fito kallo, Direba yana tsaye jikin motarsa, mai aski da mai faci sun maƙale a jikin wayar shinge. Saje gajere ne mai kaurin gashin baki, usur a wuya, ya kafa teburinsa da takardun sunaye a kan simintin da ake lodi, inda masu gudu za su riƙa wucewa. Ya bi layi yana duban ƙafafu. Da ya zo kan jan takalmi mai kallon sama, da facin baƙin tub, ya tsaya.

"Kai, mai jan takalmi. Gudu ka zo ko rawa?"

"Gudu, ranka ya daɗe. Wannan na musamman ne. Ni na tsara shi."

Direba ya juya ya fara goge gilashin motar da ya riga ya goge.

Usur ya tashi. Kada a ci amanarsa, Injiniya ya fita kamar an harba shi. Ga tsawon ƙafa, ga 'yan kallo. Sauran suna kewaye ruwan da ya kwanta, shi sai ya bi ta tsakiya yana fantsama, don a gani. Ya gama zagaye na farko shi ne gaba, har ya ɗaga wa mai aski hannu.

A farkon na biyu aka fara jin wani sauti: cakwal, cakwal, cakwal. Sai wani farin abu ya leƙo ta ramukan igiya. Ya leƙo ta gefen faci. Kowane taku, sai ya ƙaru. Injiniya ya ji ƙafarsa tana yawo a cikin takalmi, ta tafi gaba yatsu su daki bango, ta dawo baya. Ya dubi ƙasa, ya ga kumfa har idon sawu. Ya ƙara wuta, wai ko zai tsere mata. Kumfa ta ƙara wuta ita ma.

"Saje!" wani lebura ya ƙwala. "Ƙafarsa tana tafasa!"

"Ba tafasa ba ce," mai aski ya amsa daga jikin shinge, hawaye na zuba. "Kimiyya ce! Injiniya, taho da ita, akwai mai jiran aski!"

Wani mai tsaron sito, bawan Allah mai tausayi, ya ɗauka wani maganin ne yake cin ƙafar mutum. Ya suri bokitin ruwa ya tare shi a kwana ya watsa masa a ƙafafu. Nan fa abin ya tashi da gaske. Kumfa ta hau har gwiwa. Yana gudu tana zubowa, ya bar farin layi biyu a bayansa, masu binsa suna tsalle suna kaucewa, suna dariya har gudun ya gagare su.

Haka ya iso simintin lodi. Taku na farko, ƙasan takalmin hagu ya ce ya gaji, ya tsaya a wurin. Taku na biyu, ƙafar dama ta tafi ba tare da shawara ba. Injiniya ya buɗe hannuwa kamar shirwa, ya sulale a tsaye, ya wuce leburori uku, yana cewa, "Hanya! Hanya!" Saje ya sa usur a baki, bai samu ya busa ba. Tebur ya tashi, takardu suka watse cikin ruwa, tsohon soja ya zauna daɓas a ƙasa, kumfa a gashin baki. Wani ɗan guntun abu ya fito daga yagaggen takalmin, ya sulale har gaban Direba. Ya sunkuya ya ɗauka, ya shinshina.

"Sabulun gidana ne," ya ce a hankali.

Saje ya miƙe. Ya share baki. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya kawo wannan?"

Can Direba ya ɗaga hannu, kamar hannun ya kai buhun siminti nauyi.

"Ni ne, Saje. Ƙanin matata ne."

"Shi ne mai hankalin?"

"Shi ne."

Injiniya yana kwance ƙarƙashin tebur, tabarau ya koma kunne ɗaya, amma bakin bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, zagaye ɗaya da rabi na yi, kuma ni ne gaba. In aka duba da idon basira..."

"A fitar mini da shi," in ji Saje. "In na sake ganin ko inuwarsa a get, ku da kuka bar shi ya shigo za ku zagaye filin nan sau talatin."

Fita ma ta gagara. Ƙafafu sun kumbura, abin da ya rage na takalmin ya kama su kamar an ɗinke. Aka aro baron sito aka ɗora shi, ƙafafu a sama suna ɗigar da kumfa. Mai faci yana turawa, mai aski yana gaba yana buɗe hanya, duk wanda ya tambaya sai ya tsaya ya ba shi labari tun daga firiza. Inna mai ƙanƙara ta fito ƙofa ta kalli wucewarsu, ta ce Allah ya ƙara.

A ƙofar gida Yaya ta tarye su da babban almakashinta na yankan yadi. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ta durƙusa ta yanke jan kambas ɗin daga baki har diddige, kamar mai fede kifi. Manyan yatsun nan biyu sun yi baƙi ƙirin.

"Ina na Baba?"

"Yana ƙarƙashin gado."

"Ina sabuluna?"

"Yaya, a gaskiya tunanin daidai ne. Ruwan saman ne ya..."

"Na ji. Tunda Allah ya ba ka baiwar fitar da kumfa, ba za mu bar ta ta lalace ba."

Mutum biyar aka ɗauka aikin, babu shi. Farcen manyan yatsunsa biyu suka fita, ya yi sati uku ko silifas ba ya iya sawa. Direba ya rantse ko aikin korar kaji ake nema ba zai ƙara kai sunansa ba. Wankin gidan kuwa, tun daga zanen gado har kakin Direba, ya dawo hannunsa, kowace Asabar da safe, a bakin famfon ƙofar gida inda duk mai wucewa zai gaishe shi da aiki. A Asabar ta biyu mai aski ya tsallako da tawul goma sha biyu a kafaɗa, ya tambaya ko akwai wuri. Yaya ta leƙo ta taga ta ce a haɗa. Wata takwas ya yi yana wanke su.